Saƙon Bayan La'asar

Abubuwa da yawa sun canja a Kazaure. Shagon telan bakin layinsu ya koma wurin cajin waya. An sare darbejiyar ƙofar gida. A-daidaita-sahu sun cika hanyar Roni. Umma ta yi ritaya daga koyar da lissafi, ta fara sa tabarau, maƙwabta kuma sai yabon ta suke da tsayuwar dare, wai fitilar ɗakinta ba ta mutuwa sai an kira assalatu.

Ashiru kuma ya rasu.

Kawu Lauwali ne ya gaya wa Muhsin a zaure, tun bai sauke jakarsa ba. "Ƙanen naka ya riga mu gidan gaskiya, an fi shekara biyu. Ciwon ƙoda. Ina muka ga lambarka, ɗan nan, balle mu sanar da kai?"

Muhsin ya damƙe wayarsa a aljihu. Ko jiya Ashiru ya turo masa saƙo.

Caca ce ta raba shi da garin. Ranar da Umma ta tsinci takardar cacarsa cikin kayan wanki, ba ta yi faɗa ba, ta dai jefa ta a murhu yana kallo. Dama magana ba ta cika haɗa su ba. Shi ne ɗan fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron". Ya tafi Legas, ya sauya layi, ya ba Ashiru kaɗai lambar bisa sharaɗi: ba kira, ba labarin gida. Ƙwallon kwando kawai.

Ashiru ne mai kan lissafin. Shi ya gano cewa a wasannin Amurka, waɗanda ake bugawa Kazaure na barci, kamfanin caca yakan ba ƙaramar ƙungiya ratar maki kafin a fara. "Yaya Muhsin," ya taɓa rubutawa, "kar ka nemi wanda zai ci wasa. Nemi babbar ƙungiyar da ta buga jiya ta kwana a jirgi. Ƙafafunta ba sa farkawa sai bayan hutu. Bi ƙaramar da ratarta, rabin farko kawai. Ana tafiya hutu ka kashe waya. Rabin farko lissafi ne, na biyu zuciya ce."

Da wannan Muhsin ya rayu. Kullum bayan la'asar saƙo zai shigo. Ya dawo ne ma don ya tafi da ƙanen nasa Legas su haɗa kai.

Kawu ya raka shi maƙabarta da yamma. Kabarin ya lafe, ciyawa ta hau shi. Muhsin ya durƙusa, ya ɗaga hannu, bai kai ƙarshen Fatiha ba wayar ta motsa a cinyarsa.

"Kai, yau ka bar su duka. Babu wasa mai kyau."

Ya dubi wayar, ya dubi kabarin. A 'yan watannin nan haka yawancin saƙonnin suke: bar wannan, haƙura da wancan. Wani lokaci a ƙara da, "Ka ci abinci?" A can Legas ya ɗauka tsoro ne ya fara kama Ashiru.

Da ya koma gida ya tarar da Umma a tsakar gida tana tsince shinkafa, idanunta jajur.

"Umma, wayar Ashiru fa? Wa ya ɗauka?"

"Kayan mamaci ai an raba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ga tuwonka can yana hucewa."

Ya bi abokan Ashiru ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya san inda wayar take, babu ma wanda ya san yadda ake lissafin rata. Wani ya ce ya nemi malami ya yi masa tofi.

A ɗakin Ashiru aka sauke shi. Rigar marigayin na rataye a ƙusa, takalmansa a bayan ƙofa. Duk sanda iska ta kaɗa rigar sai ya juya da sauri. Ya daina buɗe wasanni. La'asar na yi sai saƙon ya shigo, bai taɓa fashi ba. Ya tabbata in ya ƙara mako guda a gidan nan, hankalinsa zai bar jikinsa.

Ya rubuta: "Gobe zan koma."

Amsar ta daɗe, kamar mai rubutun na laluben haruffa. "Kai, ka tsaya ka ga rabi na biyu."

Ya karanta ya sake karantawa. Ko a raye ko a mace, Ashiru ba zai faɗi haka ba.

Da safe ya ninke kayansa, ya zuge jaka, ya sa takalmi. Ta taga yana hango Umma a bakin murhu, ta ba shi baya, tana ƙulle masa dambun nama a leda don hanya. Sai ya karya sharaɗin da shi da kansa ya kafa. Ya danna kira.

Ƙarar ta tashi kusa, kusa ƙwarai, daga ƙarƙashin hijabin da ke bakin murhu. Umma ta daskare da ledar a hannu, ba ta juyo ba, matar da ta tsani caca amma ta shafe dararen shekara biyu tana koyon lissafinta, don ta nan kaɗai ɗanta ke amsawa, ɗan da ko a rubuce ta kasa kiran sunansa.