Inci Biyu na Kalmasa

Da tela ya ga maki uku bisa goma a fuskar wayar, sai ya ture keken ɗinki ya kira malamar lissafi.

Wata huɗu ke nan da annoba ta rufe makarantu, ta haɗa da shagonsa. Malama na turo aikin gida ta waya, shi kuma ya rataya tef ɗin awo a wuya ya amsa tsaf, autarsa ta kwafe da rubutunta, a ɗauki hoto a tura. Shekara ashirin yana awo, yau wata za ta ba shi uku?

"Malama, yarinyar nan ta yi ƙoƙari fa. Da idona na ga tana yi."

"Ai na ga ƙoƙarin. An ce a lissafa tsawon tebur da faɗin allo, kowace amsa sai ta zarce da inci biyu."

Auta ta toshe bakinta da littafi.

"To, kin san kuskuren yara."

"Yara ba sa barin na kalmasa, baban auta. Kuma ba a yi wa tebur kalmasa."

Matar tela ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, kada labari ya wuce ta.

"Daga gobe ka bar ta ta yi abinta," in ji malama. "Saura tambaya ɗaya, ita kuma taka ce. Rigar da ka ɗinka mini bara, wadda ko numfashi ba na iya yi a cikinta, ina ka kai nata inci biyun?"