Tseren Tsoho da Sabo

Mai Bidiyo ya ɗora yatsa ɗaya a kan madannin akwatin hagu, ɗaya a kan na dama, ya danna su tare, wai don kada a ce an yi son kai.

Akwatunan kwamfuta biyu ne a ƙarƙashin teburinsa, baƙaƙe, iri ɗaya. Na hagu shi ne tsohon, wanda furosesarsa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da komai, ta girmi ɗansa na fari. Na dama kuwa sabo dal. Da hannunsa ya ɗaura masa furosesa ta zamani, wadda mai shago ya rantse za ta gama aikin yini kafin shayi ya huce. Ya kwafe duk abin da ke cikin tsohon ya zuba a sabon, har hoton da ke bangon allo, saboda gwajin ya zama na adalci.

A kan tebur akwai allo biyu, kowanne da kibod ɗinsa na buga rubutu, wayoyinsu a ɗaure dami-dami sun bi ta ramin tebur sun sauka ƙasa. Da lalube ya jona su, a saninsa allon hagu na tsohon ne, na dama na sabon. Bayansa ya daina yarda da sunkuyo tun bara, shi kuwa ba mutumin da zai ce a zo a kama masa ba ne.

Yau ɗaya daga cikin akwatunan zai bar gidan. Ƙanwarsa Auta ta buɗe shagon buga takardu a garin da aka mayar da mijinta aiki, tafiyar yini guda, kuma ya yi mata alkawarin tsohon. Tana falo tana jira, motarsu da rana za ta tashi. Wanda ya rage shi zai ɗauki aikin da ke gabansa: bidiyon bikin yaye ɗalibai na wata makaranta, mai nauyin gaske, wanda shugabar makarantar ta fara yi masa waya a kai safe da yamma.

Gwajin ma ba dole ba ne. So yake kawai ya kira matarsa ta ga tazarar da idonta, ta daina cewa ya yi sayen banza.

Ya ba kowanne guntun bidiyo iri ɗaya ya ce ya fitar. Layin da ke nuna tafiyar aiki a allon hagu ya cika fit, kamar an kore shi. Na allon dama ya tsaya yana jan ciki.

Ya yi tsaki, ya sake. Ya ƙara musu mai tsawo. Allon hagu ya gama ya zauna yana kallonsa, na dama ko rabi bai kai ba. A ƙarƙashin tebur fankar tsohon sai gurnani take, zafi na dukan ƙafarsa, irin na mai aiki da gaske. Sabon kuwa shiru, sanyi ƙalau, ko gumi bai ga damar yi ba.

Matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu. Ta kalli allunan, ta kalle shi.

"Maigida, wanne ne na zamanin?"

Ya kau da kai. Ta ce Allah Ya ba da haƙuri, ta ja ƙofa, amma ya ji dariyarta ta haɗu da ta Auta a falo.

Ya kira mai shago. Mutumin ya ce ba ya yiwuwa, tsohuwar ko ƙurar sabuwar ba za ta gani ba. Ya ce ya buɗe wurin da kwamfuta ke nuna sunan furosesarta ya karanto masa.

"Ni za ka tambaya suna? Ni da na ɗaura ta da hannuna?"

Mai shago ya ce to, abin da aka riga aka ɗaura ba ya dawowa shago. Mai Bidiyo ya kashe wayar, ransa in ya yi dubu ya ɓaci. Ya daɗe yana mafarkin wannan akwati, ya yi masa kirari a gaban abokan sana'a, ga shi tsohon da yake shirin kora ya kunyata shi. Har kunyar tsohon ya ji.

Auta ta ƙwanƙwasa. Direba ya iso, yana ta hon.

Ya kashe kwamfutocin biyu. Ya zura hannu ƙarƙashin tebur ya fizge wayoyin akwatin dama, ya jawo shi waje.

"Yaya, ai wannan sabon ne."

"Ɗauki. Buga takarda ba ya son gudu, ya ishe ki."

Ta yi ta nanata masa ko ya tabbata, ya ce ta ɗauke masa shi daga gabansa kafin ya jefar. Ta yi godiya har da ƙwalla. Shi da kansa ya kai shi bayan mota, ya tsaya sai da suka sha kwana.

Ya dawo ɗakin da ɗan sauƙi a ransa. Komai lalacewa dai yana da wanda zai gama masa aikin makarantar kafin shugabar ta sake kira. Ya shafa kan tsohon akwatin kamar mai ba shi haƙuri, ya gyara zama a gaban allon hagu, ya danna madanni.

Fanka ta fara gurnani. Allon hagu ya ci gaba da zama baƙi ƙirin, sai na dama ya kawo haske.