Tsaunukan Wudil

"Ba ni labarin garinku," in ji baturiyar da ke gwada Turancin wani saurayi ɗan Wudil ta kiran bidiyo. Gurbin karatunsa na hannunta.

Turancin nasa kaf a littafin duwatsu ya haddace shi, ko sunan gero bai sani ba. Sai gogan ya zuba abin da ya iya: Wudil gari ne mai tsaunuka, ƙanƙara ta lulluɓe kawunansu. Yana faɗa yana sharce gumi.

"Juya wayar in gani."

Ya juya. Ga tsibin takin maƙwabcinsa, akuya a bisa tana tuƙa.

"Wannan," ya ce cikin Turanci tsararre, "shi ne autansu."