Daga Kwandon Shara

Ta shigo shagonsa na buga takardu da wasiƙar kamfanin ɗab'i a hannu.

"Wai sun karɓi labarina. Ni da na jefa shi a kwandon shararka?"

Bai ɗago daga kwamfuta ba. "Na tsince shi. Wata uku ina bugawa."

"Naka littafin da kake rubutawa fa?"

"Zai jira."

Idonta ya ciko da ƙwalla. "Da me zan saka maka, malam?"

Sai yanzu ya dube ta. "Baffana yana son ganin Baba ranar Asabar."

Ta sunkuyar da kai, sannan ta jawo kujera kusa da shi.

"Ya zo. Kafin nan, buɗe min naka. Ya jira haka nan."