Masallaci Mai Taya

Sai da ya ja farin layi na ƙarshe a kan koren fentin, sannan matarsa ta leƙo ta ƙofar motar.

"Maigida, sahu ya yi kyau. To, in motar ta juya fa?"

Buroshi ya tsaya cak a hannunsa. Tun bazara yake fama da tsohuwar bas ɗin 'yan makaranta. Ya kwance kujeru, ya kankare tsatsa, ya toshe ramukan ƙusa, don 'yan'uwansa direbobin tasi su samu wurin salla a garin Clinton. Ya karkata layukan daidai alƙibla, ya manta masallacin nasa taya gare shi. Ga shi mai filin, wani tsoho Kirista marar fara'a, ya ce gobe zai mayar da ita bayan gareji.

Washegari ya zo riƙe da gwangwanin fenti don ya shafe aikinsa. Ya tarar da bas ɗin a bayan gareji, amma a karkace, ta cinye wurin motoci uku. Ya duba alƙibla a waya: ko kaɗan ba ta kauce ba. A kan kwalta kuwa, sababbin layuka ruwan ɗorawa sun kewaye tayoyinta.

Tsohon na gefe yana goge fenti daga yatsunsa. Direban ya ajiye gwangwaninsa a ƙasa, ya nufo shi.

"Na ga inda kuke kallo in kuna salla," in ji tsohon, ko ɗago kai bai yi ba. "Kada wanda ya gyara mini fakin ɗin nan."