Baƙon Tsuntsun Oktoba

"Arba'in da ɗaya!" in ji tsohon, ya ja layi a littafinsa.

Shekara talatin yana hawa rufin gidansa a Santa Marta duk Oktoba, yana gane tsuntsaye masu ƙaura cikin duhu da kukansu kawai. Wannan siririn kukan kuwa bai taɓa jin irinsa ba, har ya gayyato malaman jami'a, gobe suna tafe.

"Tsohuwa, daina motsi mana, ki saurara!"

Matarsa ta tsayar da sabon gadon lilonta. Sararin sama ya yi tsit.

Ta sake yin lilo, ƙugiyar gadon ta ce tsiii.

"Arba'in da biyu," in ji ta. "Tsoho, in shafa wa tsuntsun naka mai, ko mu bar wa baƙinka?"