Sufyan da Gajeriyar Bindiga

Sau uku Sufyan ya zagaya falo da jawwal, wato wayarsa, a hannu, yana nuna wa kowa hoton wata bindiga, har da mai kawo gas. Baƙa, gajeriya, irin ta sojoji. Wai ita zai ɗauka. Mutumin da ko ƙadangare bai taɓa jifa ya samu ba fa!

Abin da ya faru shi ne, Ammu Bakri, baban Sundus ɗin da yake nema, wata biyu ke nan bai ce e ba, bai ce a'a ba. Jiya kawai ya kira ya ce ranar Asabar za su farautar barewa a wani gandu mai tasrihi, wato izinin hukuma, can nesa bayan an fita daga Harami, inda ba a farauta. Ya turo hoton bindigoginsa huɗu, ya ce Sufyan ya zaɓi ɗaya da harsashinta. "Ai jikan Balarabe ne kai. A zaɓin nan zan gane wanda zan ba 'yata."

Halas, shi ke nan, sai Sufyan ya figi mota zuwa unguwar Sih, gidan kakanninsa.

Wa bai san kakansa Sidi Balarabe ba? Lokacin da ayarinsu ya maƙale a Cadi kan hanyar Makka, shekara hamsin da wani abu da suka wuce, naman barewa ne ya riƙe mutum arba'in wata bakwai. Harsashi ɗaya, barewa ɗaya, haka tsofaffi ke faɗa. Ga hoton ma a bango, Sidi da bindiga, barewa kwance a gabansa, idonsa a rufe don wai rana ta yi yawa.

Sufyan ya bi ta kicin tukuna don ya ji ƙamshin sambusa. Ya miƙa hannu ke nan, fau! Silifas a ƙeya. Daga ƙarshen baranda kakarsa Sitti Dumbulwa ta wurgo shi, tana zaune ko tashi ba ta yi ba.

"Mijin banza, ɓarawon sambusa!"

Ya gaishe ta ta kunnen dama, don na hagu ya daɗe da mutuwa, ya wuce falo yana sosa kai.

Sidi ya karɓi jawwal ɗin, ya kai shi kusa da hanci, ya mayar da shi nesa, ya ce hmm. Sannan ya ce bari ya dubo shayi, ya tafi da jawwal ɗin. Ya dawo babu shayi.

"Wannan gajeriyar ta 'yan ɗaukar hoto ce. Kuma harsashin sojan nan kansa tauri gare shi. Zai huda barewa ya fice abinsa, ita kuwa ta gudu da rauni ta mutu inda sai kura za ta ci. Ka ɗauki alhaki, ka dawo hannu rabbana."

"Tayyib, to wacce, ya Sidi?"

Sidi ya ce ya manta sukari. Ya fita. Ya dawo babu sukari.

"Doguwar, mai gindin katako. Da harsashi mai taushin baki, wanda ke buɗewa in ya shiga. Ka yi bismilla. In ba ka ga bayan kafaɗarta sarai ba, ka sauke bindiga, babu kunya a ciki."

Daidai nan balan-balan ɗin yaran maƙwabta ya fashe a waje. Sidi ya yi tsalle har ya yar da hula. Ya ce tsufa ne. Sufyan ko a jikinsa, yana can yana haddace maganar kamar karatun jarrabawa.

Wallahi ranar Asabar sai da ya kusa lalata komai. Ga gajeriyar tana ta sheƙi a bayan mota, hannunsa har ya tafi. Ammu Bakri ya naɗe hannu yana kallo, fuskar nan babu alamar komai. Sufyan ya tsallake ta, ya ɗauki mai katakon, ya zuba bayanin nan kaf, rabi Hausa rabi Larabci.

Barewa ta farko ta ba su baya. Ya sauke bindiga. Ta biyu ta tsaya ta ba shi gefe. Bismilla, tau! Ko taku biyar ba ta yi ba.

A hanyar dawowa, suna hango dutsen Uhudu, Ammu Bakri ya ce, "Ka turo magabatanka."

Ihun da aka yi a gidan Sih! Guɗa, waya, kowa na magana babu mai sauraro. Sufyan ya dire karfatar barewa a kicin, ya sumbaci kan Sidi, ya ce Ammu Bakri zai zo ranar Juma'a da doguwar bindigar, yana so ya ga yadda gwani ke riƙe ta. Sitti tana murza kafaɗarta ta dama da ke damunta kullum. Ta zura yatsa a ramin harsashin, ta yi tsaki, ta ce nama dai ya yi kyau.

Sufyan ya kai bakin mota ya tuna makulli yana kicin. Yana isa ƙofa ya ji Sidi na magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ki rufa min asiri. Yaya ma ake riƙe abin nan?"

Sitti kuwa ba ta iya raɗa ba. Ta ƙyalƙyale da dariya har da tafi.

"Kai, Alhaji! Barewa sittin na harbo a Cadi da bindigar babana, kai sau ɗaya tak na ba ka aronta don mai hoto, shi ma sai da ka runtse ido!"